Yadda Za Ka Yi Hasashen Zaɓe Da Wayarka A Zamfara Ba Tare Da Ka Zuba Ko Sisi A Caca Ba

'Yan kwanaki bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, ina zaune a teburin mai shayi a Tudun Wadan Gusau na buɗe baki na ce gwamna Bello Matawalle na APC ya riga ya koma kujerarsa, ranar zaɓe kawai ake jira. Ina da hujja a hannu. Tinubu ya sami ƙuri'a 298,396 a Zamfara, Atiku ya sami 193,978, rata ta haura dubu ɗari. Facebook ɗina kuma cike yake da hotunan gangami da bidiyon jerin gwanon motoci. Wani dattijo abokin mahaifina, mai sayar da hatsi, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, wannan ƙuri'ar da ka ƙidaya ba ta gwamna ba ce. Ka koma gida ka tambayi iyayenka mata." Na ce to Baba, amma ban tambaya ba. Ranar 18 ga Maris aka kaɗa ƙuri'a, Dauda Lawal da ya tsaya a PDP ya sami 377,726, Bello Matawalle na APC ya sami 311,976.

Abin ya tsaya mini a rai, domin akwai samarin unguwa da suka ɗauki maganata suka yi ta musu da ita. Tun daga nan na zauna na tsara wa kaina hanya, ita ce zan shimfiɗa a nan.

Sai dai mu fara kawar da wata magana. Kasuwannin intanet da zan yi bayani a kansu, inda ake zuba kuɗi a kan wanda zai ci zaɓe, na caca ne, duk sunan da aka laƙaba musu. Hukuncin caca a fili yake cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, mu kuma a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 ba sai an tuna mana ba. Abin da nake koyarwa shi ne karanta farashin da suke nunawa, kamar yadda mutum zai tambayi kuɗin buhun gero a kasuwar Talatar Mafara don ya fahimci yadda damina ta kasance, ba don zai saya ba. Ba ka buƙatar buɗe asusu ko tura kuɗi kafin ka ga lambobin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ko kallon ba, ya tsallake mataki na huɗu, sauran matakan sun ishe shi. Hasashe kuma ba duba ba ne. Kirdado ne irin na manomi da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, sanin gaibu na Allah ne.

Mataki na farko: fara da abin da ya riga ya faru

Kafin ka taɓa intanet, sami littafin rubutu. Ka ja layi goma sha huɗu, kowace ƙaramar hukuma da nata, ka kasa su yadda mazaɓun sanata suke. Ta Tsakiya: Gusau, Tsafe, Bunguɗu, Maru. Ta Arewa: Ƙauran Namoda, Shinkafi, Zurmi, Birnin Magaji. Ta Yamma: Talatar Mafara, Bakura, Maradun, Anka, Bukkuyum, Gummi. Gaban kowacce ka rubuta yawan masu rajista, waɗanda aka tantance a zaɓen baya, da abin da kowace jam'iyya ta samu. Jaridu sun buga waɗannan lambobi lokacin da ake tattara sakamako, suna nan a shafukansu in ka yi haƙurin nema.

Abu biyu za su bayyana maka. Na ɗaya, masu rajista a Zamfara sun haura miliyan 1.9 a 2023, amma ƙuri'un manyan 'yan takarar gwamna biyu in ka haɗa ba su cika dubu ɗari bakwai ba. Ke nan tambayar ba "wa mutane ke so" ba ce kaɗai, har da "wa zai iya fitowa ran zaɓe". Na biyu, kundin tsarin mulki bai ce mafi yawan ƙuri'a kawai ba. Gwamna na buƙatar kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, a wurinmu goma ke nan cikin sha huɗu.

Sannan ka dubi halin jihar. Sau biyu Zamfarawa suna sauke gwamna mai ci da ƙuri'a: Mahmud Aliyu Shinkafi a 2011, lokacin da Abdul'aziz Yari ya kayar da shi, sai Matawalle a 2023. Dukansu sun bar jam'iyyar da ta kawo su kafin su nemi tazarce. Misali biyu ba doka ba ne, kada ka ɗaure kanka da shi. Amma ya isa ya hana ka cewa mai ci ba ya faɗuwa, wanda shi ne ramin da na faɗa.

Kuma kada ka kwashi sakamakon wani zaɓe ka ɗora wa wani. Ba mu kaɗai ba ne. A Kebbi abin ya zo a juye: Atiku ne ya ci jihar a watan Fabrairu, amma Nasir Idris na APC ya zama gwamna bayan an ƙarasa zaɓen ranar 15 ga Afrilu. A nan gida ma kujerar sanatan Tsakiya ta tafi hannun Ikra Aliyu Bilbis na PDP duk da rinjayen Tinubu. Mutanenmu sun iya raba ƙuri'a, zamanin sak ya ja baya.

Mataki na biyu: saurari intanet, amma ka tambayi wa ke magana

Buɗe Google Trends a wayarka, kyauta ne. Zaɓi Najeriya, zaɓi kwana casa'in da suka wuce, sa sunayen 'yan takara, yana karɓar har biyar a jere. Zai ba ka layuka masu hawa da sauka daga 0 zuwa 100, can ƙasa kuma ya nuna jiha-jiha. Lambar 100 ba mutum ɗari ba ce, ba kuma kashi ɗari ba. Ita ce ranar da aka fi neman sunan, sauran ranaku da ita ake gwada su. Gwada sunan ta fuskoki daban, da inkiya da sarauta, domin wani "Dauda Lawal Dare" zai rubuta, wani "Matawallen Maradun". In ka taƙaita shi ga Zamfara kaɗai, sau da yawa za ka tarar da layin ya kwanta a sifili saboda masu binciken ba su da yawa, wannan ma darasi ne.

Neman suna ba ƙauna ba ce. Ranar da aka kai hari, ko wani abin magana ya ɓullo a kan ɗan takara, sunansa zai tashi sama. Don haka duk tsallen da ka gani, koma ka duba labaran wannan rana. Abin da ke da amfani shi ne hawa a hankali na makonni, musamman ga ɗan adawa wanda da ba a san shi sosai ba.

Facebook da TikTok su suka fi ruɗi. Kowane babban ɗan siyasa yana da sojojin baka da ake saya wa data, aikinsu ke nan daga asuba zuwa dare. Kada ka ƙidaya yawan yabo. Ga yadda nake yi: in zaɓi shafuka uku ko huɗu waɗanda ba na jam'iyya ba, kamar na gidajen rediyo da kafofin labarai na Hausa, in ɗauki labari guda a kan ɗan takara, in karanta martani ɗari na farko. Duk wanda hoton ɗan takara ne a fuskar shafinsa, in cire shi. Duk wanda jimlarsa ta zo iri ɗaya da ta wasu, in cire. Duk shafin da aka buɗe cikin 'yan watannin nan ba komai cikinsa sai siyasa, in cire. Abin da ya rage ba ya wuce kaɗan, amma a cikinsa ake jin ainihin ƙorafi: albashi, fansho, kuɗin fansa, takin zamani, hanyar da ba ta biyuwa bayan la'asar. Ƙorafin nake rubutawa, da garin da mai maganar ya fito in ya nuna. Saƙonnin murya na WhatsApp a zauren dangi da na 'yan gari sun fi gaskiya nesa ba kusa ba, domin a can mutum da sunansa yake magana, gaban waɗanda suka san shi.

Yanzu tambayar da ta fi kowacce nauyi: wa ba ya cikin wayar? A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni muka yi sai mutum ya fita daga jihar kafin ya yi kira. A lokacin, wanda ke auna jihar nan da intanet zai ce babu kowa a cikinta, alhali muna nan da ranmu da ra'ayinmu. To, ko da sabis ya dawo, akwai dubban masu katin zaɓe da kullum haka suke: tsohuwa a ƙauyen Zurmi mai ƙaramar waya ta kira kawai, manomi a yankin Ɗansadau, matan aure da rediyo ne abokin hirarsu, 'yan gudun hijira da suka baro rumfunansu suka tare a Gusau ko Anka. Su ne ke tsayawa a layi tun safe. Mai rubutu a Facebook kuwa wataƙila yana Abuja ko Kaduna, katinsa ma ba na nan ba ne.

Wannan kuskure ya girmi intanet. A 1936 wata mujalla a Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan goma, sama da miliyan biyu suka amsa, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye. Sunayen da ta aika wa ta samo yawancinsu ne daga jerin masu tarho da masu mota, a shekarun da talaka ba shi da ko ɗaya. A Jamus ma an taɓa yin murnar cewa ƙidayar ambaton jam'iyyu a Twitter ta yi daidai da sakamakon 2009, sai wasu masana suka nuna cewa da an sa wata ƙaramar jam'iyyar matasan intanet cikin lissafin, ita ce za ta zo ta ɗaya, alhali ko kujera ɗaya ba ta ci ba.

Mataki na uku: ƙuri'un jin ra'ayi

Ba zan daɗe a nan ba. Kafin zaɓen 2023 ƙuri'un da NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP, da wadda aka yi wa Bloomberg ta manhajar waya, sun sa Peter Obi a gaba. Sakamako ya fito Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533. Duk ƙuri'ar jin ra'ayin da ta zo hannunka, yi mata tambaya huɗu: wa ya biya kuɗinta, ta wace hanya aka tambayi mutane, da wane harshe, kuma nawa ne suka ƙi faɗin zaɓinsu. In waɗanda suka yi shiru sun fi ratar da ke tsakanin 'yan takara yawa, ba ta gaya maka wanda zai ci ba. Irin wadda ake yi a Facebook ko X, wai danna nan in kana tare da wane, kada ka ɓata tawadarka a kanta.

Mataki na huɗu: karanta farashin kasuwa

Dabarar da ke bayan waɗannan kasuwanni mai sauƙi ce. Baki na iya faɗin abin da zuciya ke so, amma in mutum zai yi asarar kuɗinsa, yakan faɗi abin da yake zato da gaske. Jami'ar Iowa a Amurka ta fara gwada haka tun 1988 don bincike. Yau sunayen da aka fi ji su ne Polymarket, Kalshi, PredictIt da Betfair ta Ingila.

Lambobin iri biyu ne. A Polymarket da Kalshi, kowace takarda tana biyan dala ɗaya in abin ya faru, in bai faru ba ta zama banza. In ka ga ana sayar da ta ɗan takara santi 62, ma'ana kasuwa na ganin yiwuwar cinsa kashi 62 cikin ɗari. A kamfanonin caca na gama-gari kuwa za ka ga lamba kamar 1.50 ko 2.50. Raba ɗaya da lambar: 1.50 ta ba ka kashi 66.7, 2.50 ta ba ka kashi 40. Haɗa su, ka sami 106.7. Wannan ɗoriyar ta 6.7 ita ce ribar mai gidan caca, ita ce kuma dalilin da ya sa shi kullum da riba yake kwana. Don ka cire ta, raba kowace lamba da jimlar: na farko ya koma 62.5, na biyu 37.5.

A nan mutane ke zamewa. Kashi 62 yiwuwar ci ne, ba yawan ƙuri'ar da zai samu ba. Kuma yana nufin in da za a yi irin wannan zaɓe sau goma, kusan sau huɗu faɗuwa zai yi. A 2016 kasuwannin sun fi karkata ga cewa Birtaniya za ta zauna cikin Tarayyar Turai, ta fita. A shekarar dai sun fifita Hillary Clinton, Trump ya ci. A 2024 kuwa sun karkata ga Trump lokacin da ƙuri'un jin ra'ayi ke cewa kankankan ne, suka dace.

Kafin ka ba farashi muhimmanci, duba abu uku. Na farko, nawa ne kuɗin da ke juyawa a ciki, shafin yana nunawa. Kasuwar zaɓen Amurka ta 2024 a Polymarket ta haura dala biliyan uku, amma duk da haka an gano wani ɗan Faransa shi kaɗai ya zuba miliyoyin daloli ta asusu daban-daban a kan Trump. To ina ga kasuwar da 'yan dubbai ne cikinta? Irin wannan kasuwa mutum ɗaya zai iya tura farashinta sama da kuɗin da bai kai na taron gangami guda ba, a ɗauki hotonta a watsa a WhatsApp a ce duniya ta tabbatar wane ya ci. Ka sa ran ganin irin wannan hoto, kuma in ya zo ka nemi shafin da kanka.

Na biyu, su wa ke ciki. Da yawa masu hada-hadar kuɗin kirifto ne, yawancinsu a ƙetare ko manyan birane, labarinmu daga jaridun Turanci da X suke samunsa. Ke nan farashin da suka sa wa zaɓen Najeriya sau da yawa amsa-kuwwar intanet ɗin nan ce da ka riga ka auna a mataki na biyu. Kada ka ƙidaya shaida ɗaya sau biyu. A kan kujerar gwamnan Zamfara ko Kebbi kuwa da wuya ka sami kasuwa mai kauri, don haka amfaninta gare mu ya fi yawa a zaɓen shugaban ƙasa, da kuma lura da motsi: in farashi ya yi tsalle cikin dare, je ka nemi abin da ya faru, ko wani jigo ne ya sauya sheƙa, ko kotu ce ta yi hukunci.

Na uku, karanta sharaɗin da aka rubuta a ƙasa, wato me ake nufi da "ci". Babu wanda ya kai mu sanin muhimmancin wannan. A 2019 hukumar zaɓe ta bayyana Mukhtar Shehu Idris na APC da ƙuri'a sama da dubu ɗari biyar, Matawalle bai kai dubu ɗari biyu ba. Ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta sun tafi a banza, aka rantsar da Matawalle. Wa ya ci? Ya danganta da tambayar da ka rubuta. Saboda haka kai ma a saman littafinka ka fayyace: wanda INEC za ta bayyana nake hasashe, ko wanda zai zauna kan kujera bayan shari'a.

Mataki na biyar: tambayar maƙwabci

Wannan ita ce maganar Baba mai hatsi, kuma abin sha'awa, ita ce dabarar da Bafaranshen nan ya ce ya dogara da ita: ya sa an tambayi mutane wa suke ganin maƙwabtansu za su zaɓa, maimakon wa za su zaɓa. A wurinmu wannan ya fi dacewa. Ma'aikacin gwamnati ba zai gaya maka zai ƙi gwamna ba. Matar da ta karɓi atamfa da taliya ba za ta ce ba za ta saka ba. Amma ka ce, "Inna, matan unguwar nan ina suka karkata bana?" sai ka ji zance ya ɓalle, har da dalili.

Nemi mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, waɗanda sana'arsu ke haɗa su da jama'a kuma ba 'yan jam'iyya ba: direban tasha, mai chajin waya, malamar Islamiyya, dillalin dabbobi, ungozoma. Lallai a sami mata a ciki, in ba za ka iya kiransu ba ka sa 'yar'uwarka. Kira su sau ɗaya a wata, sau ɗaya a mako in zaɓe ya matso. Bayan tambayar maƙwabci, ƙara biyu: mutanen garin za su iya fita ran zaɓe, ko tsoro zai hana? Kuma manyan garin, masu jan jama'a, kansu a haɗe yake ko akwai masu yi ta ciki na ciki? Kada ka rubuta sunan kowa a littafin, garin kawai ya isa, kuma kada ka ɗora maganarsu a intanet. A yanayin tsaron da muke ciki wannan amana ce.

Mataki na shida: haɗa su, ka sa lamba da kwanan wata

Koma layukanka goma sha huɗu. Fara da sakamakon baya, sannan ka matsar da shi gwargwadon abin da ka ji. Ni nakan ba tarihi da rahoton mutanen gari mafi yawan nauyi, intanet da kasuwa su raba ɗan abin da ya rage. A kowace ƙaramar hukuma rubuta lamba biyu, ta in an fito da yawa da ta in an fito kaɗan. Misali na ƙirƙira: garin da kake zaton ƙuri'a 60,000, ɗan takararka na da kashi 55, ratarsa 6,000 ce. In tsoro ya rage fitowa zuwa 35,000, ratar ta koma 3,500. Yi haka sau goma sha huɗu ka tara. Gusau ka ba ta kulawa ta musamman saboda yawan ƙuri'unta, kuma ka tuna kowane ɗan takara yakan yi ƙarfi a mahaifarsa.

A ƙarshe kada ka ce wane zai ci. Ka ce ina ba shi kashi 60, ko 70, ka rubuta ranar. In sabon labari ya zo, sauya lambar a sabon layi, kada ka goge tsohuwar, ta nan za ka gane bayan zaɓe ko wace shaida ce ta yaudare ka. In ka ga lambarka kullum tana fifita wanda kake so, ba wani abokinka na ɗaya ɓangaren littafin ya duba maka.

Ranar zaɓe kuma akwai shafin IReV na hukumar zaɓe, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa, wato EC8A. Tun kafin ranar ka zaɓi rumfuna kamar talatin daga sassa daban-daban, birni da ƙauye, waɗanda ka san abin da suka bayar a baya, ka riƙa gwada sabon da tsohon. Na cikin gari su ke fara shigowa saboda sabis, kada su ruɗe ka. A kowace takarda duba yawan waɗanda na'urar BVAS ta tantance, domin in ƙuri'u suka haura su soke rumfar ake yi. Ka riƙa tara yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba. In sun fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, za a ce zaɓe bai kammala ba, kamar yadda aka yi a Kebbi. Ko an bayyana sakamako, bar shafi biyu a littafin don kotu: na 2023 sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake zaɓe a wasu wurare, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da Dauda Lawal ranar 12 ga Janairun 2024.